Yadda Ake Ɗorewa Kan Rubuta Ƙagaggen Labari: Jagora Ga Marubutan Abuja da Kewaye

Duk wanda ya daɗe cikin marubuta ya san irin wannan wayar: labari uku ko huɗu a ciki, kowanne ya kai babi na biyar ya cije, rabon da a taɓa shi tun kafin babbar salla. Ka tambayi mai ita, amsar ɗaya ce: "Wallahi Abuja ba ta barin mutum." Da gaskiyarsa. Wanda yake kwana a Mararaba ko Suleja yana aiki a Garki, hanya kaɗai kan cinye masa awa uku ko fiye a yini. Amma in aka bi diddigi, sau da yawa hanyar rabin matsalar ce. Sauran rabin yana faruwa ne a lokacin da aka samu aka zauna: mutum bai san abin da zai faru a gaba a labarin ba, bai yanke yawan abin da zai rubuta ba, kuma wayar da yake rubutun da ita, ita ce mai kawo masa saƙon dangi da na ofis. Ya zauna haka sau biyu sau uku ya tashi hannu rabbana, daga nan zaman ya fara yi masa nauyi, sai ya ce ilhama ce ta ɗauke.

Abin da matakan nan suke nufi ɗaya ne: duk shawarar da za a yanke, a yanke ta kafin a zauna, yadda in an zauna babu abin da ya rage sai jera kalmomi.

Mataki na farko: nemo minti talatin, ka ɗaure su a jikin wani abu

Kafin ka yi wa kanka kowane alkawari, ɗauki kwana uku na aiki kana rubuta yadda yininka yake tafiya: ƙarfe nawa ka tashi, yaushe ka fita, yaushe ka isa, yaushe ka dawo. Sannan ka shiga saitin wayarka, in Android ce ka buɗe Digital Wellbeing, ka ga minti nawa kowace manhaja ta ci. A nan ne yawanci lokacin da ake cewa babu yake kwance.

Bayan asuba ita ce gurbin da aka fi yabawa, kuma ta dace da wanda yake zaune kusa da wurin aikinsa ko wadda aikinta a gida yake. Mai fitowa daga Nyanya, Masaka ko Zuba kuwa, wanda dole ya kama hanya kafin ƙarfe shida don ya riga cunkoso, kada ya wahalar da kansa da wannan shawara. Nasa gurbin yana ɗaya ƙarshen hanyar. Wanda ya yi sammako ya wuce Kugbo da AYA kafin motoci su cushe yakan isa ofis wajen ƙarfe bakwai, aiki kuma sai takwas. Wannan awar da ake kashewa a hirar siyasa wajen mai shayi ita ce mafi tsafta a duk yinin ma'aikacin Abuja: kai bai gaji ba, oga bai zo ba, akwai wuta da kujera. Minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan sallar Azahar ma suna aiki, muddin an ci abinci kafin a je masallaci.

Bayan Isha'i ne mutane suka fi zaɓa, kuma shi ya fi cin amana. Wanda ya dawo gida ƙarfe takwas bayan awa biyu a hanya ba shi da sauran ƙarfin ƙirƙira. A bar dare don shirya abin da za a rubuta gobe, aikin minti biyar ne, za mu zo kansa. Cikin mota kuma wurin tunani ne. Fito da waya kusa da taga a cikin cunkoso gayyatar masu fizge ne. Ƙaramin littafi da biro sun isa a kama jimla ɗaya ko biyu da suka faɗo.

In ka zaɓi gurbi, kada ka ɗaure shi da agogo. "Ƙarfe 5:45" yakan rushe ranar farko da ka makara da minti goma, ga shi lokacin salla ma yana matsawa cikin shekara. Ɗaure shi da abin da ba ya tsallake ka: "da na idar da azkar ɗin safe", "da na ajiye jaka a ofis", "da na sallami yara makaranta". Kuma kwana biyar a mako ya isa. Asabar ta biki da suna da ziyara ce, wanda ya sa ta cikin lissafi ya shirya wa kansa karya alkawari.

Mataki na biyu: ƙayyade adadi, ka yi shi ƙarami

Fara da kalma 300 a zama. A waya, ga wanda ya san abin da zai rubuta, aikin minti ashirin zuwa talatin ne. A mako kalma 1,500 ke nan, tsawon gajeren labari guda. A mako arba'in kuwa 60,000, cikakken littafi, kuma an bar mako goma sha biyu a shekara don azumi, salla biyu, tafiya gida da zazzaɓi. Yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya.

Ka kuma ajiye adadin ranar wuya: kalma 50, wato jimla uku ko huɗu. Ranar da yaro bai yi barci ba, ko aka riƙe ka a ofis har dare, wannan za ka yi ka rufe. Amfaninsa ba yawan kalmomin ba ne. Labarin ne yake zama da ɗumi a kanka, gobe ba sai ka sake neman bakin zare ba.

Rataye kalanda inda kake gani, kullum ka rubuta adadin da ka yi a kan ranar. Bayan mako biyu ka haɗa ka raba, ka ga matsakaicin abin da kake iyawa. In 400 ne, bar ƙa'idarka a 300. In 180 ne, sauko da ita 150 ba tare da jin kunya ba. Ƙa'idar da ake cikawa kullum tana jan mutum zuwa teburi, wadda ake gazawa a kanta kuwa kora take yi.

Abu biyu suke kashe wannan tsari. Na ɗaya bashi: ka tsallake Litinin sai ka ce Talata za ka yi 600. Talata ta gagara, Laraba ta zama 900, zuwa Alhamis ka daina buɗe fayil ɗin kamar mai gudun wanda yake binsa kuɗi. Ranar da ta wuce ta wuce, abin kiyayewa kawai kada a tsallake biyu a jere. Na biyu haɗama: daren Juma'a abu ya zo, ka zuba kalma 3,000 har ƙarfe biyu, sannan mako guda ka kasa komai saboda ka kwashe duk abin da ka sani na labarin a zama ɗaya. Akwai wata al'ada da ta taso daga Amurka ta rubuta kalma 50,000 a watan Nuwamba, wato 1,667 kullum. Tana iya fitar da zubin farko ga wanda yake hutu, amma a matsayin tsarin shekara ga mai aiki da iyali ba ta ɗorewa.

Mataki na uku: gyara kayan aiki sau ɗaya

Kada a rubuta labari kai tsaye cikin WhatsApp, ko da ta hanyar tura wa kai ne. Babu ƙidayar kalmomi, kowane saƙo da ya shigo yana tsaye a gaban ido, kuma ranar da waya ta ɓata babu tabbas. A yi amfani da Google Docs ko WPS Office. A Google Docs a kunna damar buɗe fayil ba tare da intanet ba, don a iya rubutu da data a kashe. Kowane babi da fayil ɗinsa, da suna mai lamba: 01, 02, 03. Fayil guda mai kalma dubu arba'in yana nauyi a ƙaramar waya, yana kuma jan mutum ya koma karanta farko.

Saka allon rubutun Hausa a Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, a nan ake samun ƙ, ɗ da ɓ. Sannan a kashe gyaran kalma na kai-da-kai, domin in allon Turanci ne yake aiki zai riƙa mayar da kalmominka wasu abubuwa, kana rubutu kana faɗa da waya. Wanda babban yatsansa yake ciwo bayan minti ashirin ya nemi ƙaramin allon rubutu na Bluetooth, ko na kebul da mahaɗin OTG, ɗan abin da ke haɗa shi da waya. Ana samunsu a Banex da ke Wuse 2. Jingina wayar a jikin kofi, ka samu ƙaramar kwamfuta.

Batun wuta, kowa ya san rukunin layinsu. 'Yan Band A ne aka yi wa alkawarin awa 20, Band C awa 12, Band E awa 4, kuma da damina hadari ɗaya ya isa ya ɗauke ta har gobe. Saboda haka cajin waya da fawabank yana cikin shirin dare. Ka ajiye littafin makaranta mai ganye 40 a jaka: shafi 80 ne, in rubutunka matsakaici ne shafi biyu sun kai adadin yini. Wasu ma sun fi sakewa a takarda. Illarta ɗaya, in aka bari shafuka suka taru, kwafe su ya zama wani dutsen. A kwafe duk ƙarshen mako.

Duk Juma'a a tura wa kai kwafin babin makon ta imel. Kada kuma a ɗauki dandalin da ake sayar da littafi a matsayin ma'ajiya: Okadabooks ta rufe a ƙarshen 2023, wanda kwafinsa kaɗai yake can ya san yadda ya ji.

In lokacin zama ya yi, saka wayar a yanayin jirgin sama. In akwai kiran da ba za a iya rasawa ba, a kashe data kawai.

Mataki na huɗu: kada ka zauna ba ka san fitowar da za ka rubuta ba

Nan ne zuciyar aikin. Mafi yawan abin da ake kira toshewar basira, rashin sanin mataki na gaba ne kawai. Ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙirƙiro abin da zai faru da kuma zaɓen kalmomin da za a faɗe shi a lokaci guda cikin minti talatin. Ba a tauna taura biyu. Sai a raba aikin: tunanin abin da zai faru a yi shi a mota, a layin banki, a wajen wanke-wanke. Da dare a rubuta shi a layi biyar, na fitowa guda, wato abin da zai faru a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ga misali:

Fitowa ta 14. Rabi, a kicin ɗin gidan yayarta a Kubwa, bayan Magariba.
Abin da take so: ta karɓi katin bankinta daga hannun Yaya Binta ba tare da ta faɗi dalili ba.
Abin da ya tare ta: mijin yayar yana falo, ƙofa a buɗe, yana jin komai.
Yadda za ta ƙare: ta samu katin, amma Binta ta ga sunan da ya fito a fuskar wayarta.
Jimlar farko: "Yaya, wai ina kika ajiye min katin nan?"

Wanda ya kwana da wannan a aljihu ba zai zauna yana kallon farin shafi ba. Layi na biyu da na uku su ne ba a wasa da su. In ka kasa cike "abin da take so", fitowar ba ta da dalilin zama a littafin. In ka kasa cike "abin da ya tare ta", hira za ka rubuta, kuma kai da kanka za ka gaji da ita kafin mai karatu. Layi na huɗu shi yake haifar da fitowa ta gaba: tunda Binta ta ga sunan, dole gobe a ga me za ta yi da shi.

Ba lallai a tsara littafin duka daga farko ba, wasu tsari mai yawa yana kashe musu ɗanɗano. Amma abu uku a san su tun kafin babi na ɗaya: abin da tauraruwar take nema, babban abin da zai juya labarin a tsakiya, da inda ake zaton za a sauka. Sannan kullum a kasance da fitowa uku a shirye a gaba. Kamar tuƙin dare ne a hanyar Lokoja, iyakar inda fitila ta haska ake buƙatar gani, muddin an san garin da aka nufa.

Inda ake tsayawa ma yana da muhimmanci. Ɗabi'ar mutum ce ya so ya kai ƙarshen babi ya rufe. Yin haka yana barin ka gobe da aiki mafi wuya, wato buɗe sabon babi daga sanyi. In adadinka ya cika, tsaya a tsakiyar fitowa, inda ka san abin da ke biye, ka bar wa kanka saƙo da manyan baƙaƙe a ƙasa: GOBE: BINTA BA TA CE KOMAI BA, TA CI GABA DA TUƘA TUWO. MIJIN YA KIRA RABI A BAKIN ƘOFA. Da safe ka karanta sakin layi biyu na ƙarshe kawai, ka goge saƙon, ka ɗora.

Mataki na biyar: in labarin ya cije, nemo inda ƙashin yake

In kwana uku a jere kana zama kana jin labarin ya fita ranka, kada ka ɗora wa lalaci. Ruwa ba ya tsami banza. Duba waɗannan bi da bi.

An warware matsalar da wuri. Wannan ya fi yawa a labaran soyayya da na zaman aure: an ɗaura auren da ake ta faɗa a kansa tun babi na takwas, saura babi ashirin. Alamarsa ita ce ka tsinci kanka kana lissafa akwatunan lefe, kalar leshi, da abin da aka dafa wa ango shafi bayan shafi. Mafita biyu ce: ko a mayar da warwarar can gaba, ko a sa warwarar ta zo da farashin da ya fi matsalar farko nauyi. In babu ɗaya daga ciki, labarin ya ƙare, gajere ne, a rufe shi a haka.

An yi kwana mara kyau a baya. Koma fitowa uku ko huɗu, ka nemi inda ka tilasta wa wani ya yi abin da ba halinsa ba don kawai labari ya bi inda kake so. Mace mai kawaici da ka gina tun farko ta zage surukarta a gaban mutane ba tare da an kai ta bango ba. Daga nan duk abin da ya biyo baya zai riƙa yi maka ɗanɗanon ƙarya. Kada ka goge. Yanke daga wurin, ka adana a wani fayil mai suna "ragowa", ka sake ɗaukar hanya. Sanin cewa shafukan suna nan yana sauƙaƙa yankan.

Mutane sun yi yawa. Jera sunayen duk wanda ya yi magana a babi biyar na ƙarshe, a gaban kowa ka rubuta aikinsa a labarin. Ƙawaye uku da duk shawara ɗaya suke bayarwa a mayar da su ɗaya.

Ana buƙatar sanin da ba ka da shi: zaman kotu, ɗakin haihuwa, yadda ake fitar da takardar fili. Nan mutane suke buɗe intanet "na minti biyu" su dawo bayan awa guda. Rubuta XX a wurin da ɗan bayani, kamar XX ME ALƘALI YAKE FARA CEWA, ka wuce. Ranar Asabar ka nemo duk XX ɗin, ka tara tambayoyin ka kai wa lauya ko ma'aikaciyar jinya da ka sani. Mafi yawan zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Safiya ɗaya a bencin baya ta fi karatun mako guda, domin a can za ka ji yadda mutane suke magana in sun tsorata.

Sabon labari ya zo yana kyalli. Kullum wanda ba a fara ba ya fi kyau, tunda bai kai tsakiya ba tukuna. Ba shi shafi ɗaya a fayil ɗin dabaru, ka rufe. In na kirki ne zai jira. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba: tsoro. Labarin ya matso kusa da abin da ya faru a gidanku, kana jin Gwaggo za ta gane kanta. Canza abu uku da ake gane mutum da su, garinsu, sana'a da yawan 'ya'ya, ka ci gaba. Batun ko za a fitar da shi, sai an gama ake yanke shi.

Mataki na shida: ware gyara daga rubutu

Babi na ɗaya da aka gyara sau goma sha biyu, babi na shida kuma babu shi: wannan cuta ce ta waɗanda suka iya rubutu. Kada a koma baya sai zubin farko ya ƙare. In a babi na goma ka gane ya kamata Rabi ta kasance marainiya, rubuta hakan a fayil ɗin gyara, ka ci gaba kamar tun farko haka take.

Ƙa'idojin rubutu ma su jira. Raba kalmomin da ake haɗewa, irin su "za ka" da "shi ne" da "ba zan", aikin yini ɗaya ne da na'urar nema-da-sauyawa. Sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a danna sauya duka: "zaka" tana cikin "zakara", "zata" kuma kalma ce mai zaman kanta a "na zata ya tafi". Wanda ya sauya duka a dunƙule zai wayi gari da "za kara ya yi cara".

Mataki na bakwai: masu karatu na intanet

Sakin labari feji-feji, wato kashi-kashi, a WhatsApp, Facebook, Wattpad ko ArewaBooks ya raya rubutun Hausa ƙwarai, musamman a hannun mata, kuma shi ne ya tsayar da littattafai da yawa a tsakiya. Yadda abin yake faruwa: kin saki feji na farko ranar da kika rubuta shi, an yaba, kin yi alkawarin kullum. Mako na uku baƙi suka zo. Kafin dare saƙo ashirin: "Anti, yau shiru?" "Hajiya, a taimaka mana da ci gaba." Kin rubuta feji cikin gaggawa don a bar ki, fejin ya kai labarin inda ba ki shirya ba, kuma ba ya gyaruwa tunda ɗaruruwa sun karanta.

Kada a fara saki sai akwai feji goma a ajiye. A sanar da kwana uku a mako, alhali ana rubuta biyar, yadda ajiyar za ta riƙa ƙaruwa. In ta sauko ƙasa da biyar, a sanar da hutun mako guda tun kafin ta ƙare. Sharhi a karanta shi bayan an cika adadin yini, domin magana ɗaya mai ɗaci da safe ta isa ta cinye zaman. Masu cewa a kashe kishiya ko a haɗa wane da wance suna nuna labarin ya kama su ne, a gode musu, amma ba su san ƙarshen ba. Kuɗi kuma, a ganinmu, kada a karɓa sai an rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku. Wadda ta karɓi kuɗin mutane kan littafin da bai wuce babi uku ba ta mayar da abin da take so bashi, ga kuma nauyin amana.

Mataki na takwas: mutanen gida, da abokin tafiya

Mutanen gida ba sa girmama lokacin da ba a faɗa musu ba. Wanda aka gani da waya a hannu, a wurinsu hira yake. Faɗi a sarari, da iyaka: "Abban Hanifa, daga na sallami yara zuwa takwas da rabi zan riƙa yin rubutu. In ba na gaggawa ba ne, a ɗan jira ni in fito." Saurayin da yake zaune gidan kawunsa a Gwarinpa ya fara da sauke nauyin da ke kansa: "Kawu, in akwai aike a ba ni tun dare ko bayan bakwai, ina ɗan wani aiki bayan asuba." Minti talatin masu farko da ƙarshe ana haƙuri da su. Sai dai kai ma ka fito a kan lokaci, in kana so gobe a sake barin ka. Mai jego ko mai ƙananan yara ta raba adadin biyu, 150 lokacin barcin hantsi, 150 bayan sun kwanta. Wata uku na farko bayan haihuwa kuwa ta ajiye lissafi gaba ɗaya, ta riƙa kama dabaru da saƙon murya.

Nemi mutum ɗaya, marubuci irinka, ku riƙa tura wa juna lamba kawai kowace rana: "320." "Yau 50." Babu sharhi, babu karanta wa juna. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba ya wannan aikin, don babu mai lura da shirunka. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da reshe a Abuja, kuma Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa yana Mpape, a filin da shi Vatsa ya ba ƙungiyar a 1985 lokacin yana ministan Abuja. Zuwa taron karatu lokaci-lokaci yana da amfani, musamman in ka yi alkawarin karanta shafi biyu a can. A dai kula, halartar taro da muƙami a ƙungiya suna iya cika wa mutum ciki ya ji kamar ya yi rubutu.

Wa'adi daga waje yana aiki fiye da wanda mutum ya sa wa kansa. Ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko gasa ce ta fito da su, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, kuma Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna koyarwa a makarantun midil na Katsina da Bauchi suka rubuta nasu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta mata zalla, tana gudana tun 2016, labarinta kalma 1,000 zuwa 1,500 ne: mako ɗaya na rubutu a tsarin nan, mako biyu na gyara.

Mataki na tara: komowa bayan an yanke

Za a yanke, ko don rasuwa, ko jarrabawa, ko sauyin wurin aiki. Azumi kuwa sananne ne, marubutan intanet da yawa sukan ajiye alƙalami har bayan salla, kuma babu laifi. Bambancin hutu da watsarwa shi ne ranar dawowa. Kafin ka rufe, rubuta shafi guda: inda kowane babban mutum a labarin yake, abin da ya sani da abin da bai sani ba, da fitowa uku masu zuwa. Sa ranar komowa a kalanda, misali Litinin ta biyu bayan salla, lokacin an dawo daga gida an huce gajiyar hanya.

In kuwa yankewar ta zo ba shiri, wata huɗu sun wuce babu wannan shafi, kada ka fara da rubutu. Rana ta farko karanta babi uku na ƙarshe kawai, ba tare da taɓa ko waƙafi ba. Wanda ya koma babi na ɗaya yakan ƙare da sake littafin daga tushe. Rana ta biyu fitar da shafin nan na waye yake ina, da layi biyar na fitowa ta gaba. Rana ta uku rubuta kalma 100. Zai fito a sandare, muryar ba za ta yi kama da ta baya ba, a bar shi haka, wajen gyara za a daidaita. Ƙara 50 kowace rana har ka koma 300, wato zuwa rana ta bakwai, sannan ka tura wa abokin tafiyarka lambar farko.